Kwandon Kalwa a Magama

Tun kafin motar Arzika ta tsaya a shingen kan iyaka na Magama, warin ya riga ta isa. Wani mai sayar da rake a bakin titi ya ɗaga hanci sama, ya duba ƙasan takalminsa, sannan ya harari na kusa da shi.

A kujerar gaba Inna Barira ce zaune, ta rungume kwando a cinya kamar mai jinyar yaro. An naɗe kwandon da buhun algarara, an ƙara da tsohon zane, an lulluɓe da bargo, sannan aka ɗaure da igiya tamau. Tun a tashar Jibiya Arzika direba ya yi juyin duniya a sa shi a but ko a ɗaure shi a saman mota, ta ce in dai tana numfashi kwandon nan ba zai bar cinyarta ba. Fasinjojin baya sun sauke gilashi don su sha iska, ta juyo ta ce a ɗaga. Haka aka taho, kowa ya toshe hanci yana Allah-Allah a iso.

Kalwa ce a ciki, tana kan hanyarta ta zama daddawa. Barira ta wuni tana dafa ta, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa da 'yar kanwa, ta tsane ta, ta juye a kwando kan ganye tun tana tururi, ta barbaɗa toka, ta rufe. Daga nan kuma sai haƙuri. Ba a leƙawa, ba a taɓawa, sai ta kwana ta sake kwana cikin ɗuminta har ta nuna don kanta. In gaggawa ta sa aka yaye ta sanyi ya shige ta, to ta ƙi ke nan har abada, sai ta sandare ta zama abin da ko akuya ba ta kulawa. Ga shi kuwa daren jiya an tafka ruwa, gari ya waye da wata iska mai ratsa ƙashi.

Wa ke yawo da ɗanyar daddawa a mota? Babu, sai wadda ta rasa yadda za ta yi. 'Yarta ta fari, Mutmainna, tana aure a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka cikin Nijar. An shirya za ta zo gida goyon ciki ta haihu a gaban uwarta, shi ya sa Barira ta ɗora kalwa don miyar jego. Sai jaririn ya ce bai san wannan zance ba. Kalwa na kwana ɗaya a rufe wayar surukinta Mahmudu ta shigo: an sauka lafiya, namiji ne, a zo.

Ta bar kwandon a gida? Wa zai kula da shi, wa zai san lokacinsa? Ta sayi wata a kasuwa? Ina! Wannan kalwa daga ɗorawar gonarsu ta Daddara ta fito, wadda marigayi Malam Zunnuraini, uban Mutmainna, ya hana a sare duk da inuwarta na cin amfanin gona. Yanzu hanyar gonar ba kullum take biyuwa ba saboda ɓarayin daji. Da bazara Barira ta bi ayarin maƙwabta sau ɗaya tak, ta tsinto abin da ta iya ɗauka, kuma duk abin da ta samu shi ne a cikin kwandon nan. Ta ƙudurta a ranta cewa miyar farko da yarinyar za ta sha bayan haihuwa, da itacen ubanta za a kaɗa ta. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma abin ya zauna mata a zuciya daram.

Akwai kuma Rabi'a, uwar Mahmudu, wadda ranar biki ta ɗanɗana miyar gidan amarya ta ce, cikin dariya, ai mutanen Najeriya sun mance miya, sai dai su ɓare dunƙulen magi su jefa. Dariya aka yi, Barira ma ta yi. Amma ba ta manta ba.

Shugaban masu binciken kaya a ranar, wani dogo mai tumbi da ake kira Oga Luka, ya leƙo ta tagar motar, ya ja da baya da sauri, ya sake leƙowa a hankali.

"Mama, barka da asuba. Me ke cikin kwandon nan?"

"Kalwa ce, Yallaɓai."

"To madalla. A buɗe mu gani."

"Ba a buɗewa."

Luka ya dubi Arzika, Arzika ya dubi sitiyari.

"Mama, ban ji ba."

"Na ce ba a buɗewa, ɗana. Sai jibi."

Wani daga bayan mota ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Arzika ya fito yana sosa ƙeya, ya ce, "Oga, wallahi na san ta. Inna Barira ce mai daddawa ta bayan kasuwa, kowa a Jibiya ya ci miyarta."

"Wanda muka tare makon jiya ma kowa ya san shi," in ji Luka. "Garin kuka ne a saman buhu, ƙwaya a ƙasa. Ni ban ce Mama ta ɗauko wani abu ba. Amma abin da aka rufe haka, har da bargo, ba ya wuce shingen nan sai an ga cikinsa. Ko a buɗe, ko a koma da shi."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Barira da hankali, don mai faɗa ana iya lallashinsa. Ta fito da kwandonta, ta zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya, ta juya wa iska baya. Manyan motoci sun yi layi, an kwance tamfol ɗinsu ana duba buhunan gero da na wake, 'yan acaɓa na ratsawa ta tsakani. Duk abin da ya zo wurin nan a rufe sai an kware shi, har murfin tukunyar da wata amarya ta ɗauko. Barira ta kalli wannan duka, ta ƙara ƙanƙame bargonta.

Wani ƙaramin ma'aikaci ya taho da tsinken ƙarfen nan da suke soka wa buhuna, yana cewa ai ba sai an buɗe ba, a huda kawai.

"Ka fara soke ni da shi tukuna," in ji Barira. "Ka huda mini kalwa iska ta bi ramin? Kai ɗan nan, ba a miya a gidanku?"

Fasinjoji suka fara gunaguni. Wani mai kai kaji Maraɗi ya ce kajinsa za su galabaita saboda daddawar wata. Arzika ya durƙusa kusa da ita ya ce a hankali, "Inna, zan jira, amma ba zan iya wuni ba. Ki yi haƙuri ki ɗan ɗaga musu gefe."

Idonta ya ciko, ita kanta abin ya ba ta haushi. Jikanta na can tsallake, tafiyar da ba ta kai a sha fura a huta ba, ga ta nan a benci tana gadin kwando kamar mahaukaciya. In ta buɗe, kalwar Malam ta tafi. In ta koma, wa zai yi wa yarinyar wanka?

Luka ya ga abin ya fi ƙarfin tsinke. Ya juya ya ƙwala kira, "Prisila! Zo ki ji da Mamanki."

Wadda ta fito daga rumfar ofis matashiya ce cikin kaki, 'yar Billiri, ita ke duba kayan mata. Tana tafe a hankali, da hankici a hannu, tana yi tana kai shi hanci. Barira ta dube ta sama da ƙasa irin kallon da tsofaffin mata ke yi ba tare da sun yi niyya ba: fuska ta ɗan yi fayau, leɓe ya bushe, bel ɗin kuma ba a ramin da ya saba zama yake ba, don ga shaidar tsohon ramin nan ta kwanta a fatar.

"Sannu, Mama." Ta tsaya ɗan nesa. "Kwananta nawa a rufe?"

Barira ta ɗago kai da sauri. Tun safe ba wanda ya yi mata tambayar mutane sai yanzu.

"Ɗaya, ɗiyata. Yanzu ta fara kamawa."

"Kakata tana yi. In ta rufe tata, ko kaza ba ta isa ta shiga ɗakin ba." Prisila ta yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Amma Mama, aikina ne. Ba zan ce na duba ba alhali ban duba ba."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Allah ya kiyaye."

Iska ta kaɗa gefen bargon. Barira ta kai hannu ta danne shi, sai idonta ya faɗa kan shuɗin tamfol ɗin da Arzika ya rufe kayan saman motarsa da shi. Ta dube shi, ta dubi Prisila.

"Ni fa ba ke nake gudu ba, iskar nan nake gudu. In da za mu shiga inda ba ta..."

"In sa hannu har ƙasa," in ji Prisila, ta riga ta gane. "In da wani abu a ciki, hannuna zai ji shi."

"Amma ba da hannun nan mai sanyi ba. Kin shafa mai?"

"Da safe."

"To sai an wanke. Mai yana kashe ta."

Kai, ranar nan Magama ta ga abin kallo. Aka aika wurin mai shayi ya kawo ruwan ɗumi a buta. Ma'aikaciyar gwamnati ta naɗe hannun kakinta har kafaɗa, tsohuwa na zuba mata ruwa tana cewa ta cuɗa tsakanin yatsu, ta cire zobe, ta sake cuɗawa. Arzika ya kwance tamfol yana mita, aka baza shi a kan su biyun da kwandon, matan da ke cikin motar suka zo suka tattake gefunansa don kar iska ta sami kafa. Mai kaji ma, da ya ga ba sarki sai Allah, ya taka kusurwa ɗaya. Direbobin manyan motoci suka bar kayansu suka kewaye, ana ta tambayar ko aljanu ake cirewa. Luka ya riƙe ƙugu, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya a gaban yaransa.

A ciki kuwa duniya ta zama shuɗiya. Zafi ya taso nan da nan. Barira ta kwance igiya, ta ɗaga bakin bargo daidai shigar hannu, ta kama wuyan hannun Prisila ta saita shi.

"Ta gefe. Bi jikin ganyen. A hankali, kar ki dama ta."

Hannun ya nutse har gwiwa. Prisila ta zaro ido.

"Mama, ɗumi gare ta kamar mai rai."

"Ai mai ran ce. Kai ƙasa. Zagaya. Kin ji wani abu?"

"Kalwa ce kawai. Sai santsi." Ta zagaya ta ɗaya gefen, ta taɓa gindin kwandon ko'ina, don ba ta yi niyyar yin aikin rabi ba. Tana zaro hannun, tururin da ya kwana a tsare ya biyo shi ya daki fuskarta.

Sai ta dafe baki. Kafaɗunta suka girgiza, ta sunkuya gefe tana kakarin amai, ba abin da ke fitowa. Gaskiya dai a faɗe ta: Barira bargonta ta fara mayarwa ta danne da gwiwa, sannan ta tallafi goshin yarinyar da tafin hannu, tana shafa mata baya da ɗayan. Da abin ya lafa, ta kwance bakin zanenta ta ɓallo ɗan guntun tsamiya ta tura mata a baki.

"Tsotsa. Kar ki tauna."

Prisila ta tsotsa, numfashinta ya dawo daidai. Barira ta matso da bakinta kusa da kunnenta.

"Wata nawa?"

Yarinyar ta daskare. Daga waje ana jin muryar mai rake yana ba wani labarin abin da bai gani ba.

"Warin ne, Mama."

"Jikar mai daddawa, warin kalwa ya sa ta amai? Ɗiyata, ni na karɓi haihuwa ta fi a ƙirga."

Hawaye suka zubo wa Prisila, ba ta ma iya sharewa ba, don hannu ɗaya duk yauƙi ne. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar wadda ta daɗe tana neman inda za ta sauke kaya.

"Uku ya kusa. Daga ni sai maigidana Timoti muka sani, ko mamata ban gaya wa ba. Sau biyu ina samu, Mama. Na farko har a coci aka yi godiya, aka yi ta rawa. Na biyu duk ofis ɗin nan sun sani, Oga har hutu ya ba ni. Duka biyun ba su zauna ba. Sai ka dawo aiki kowa na kallonka da tausayi, wannan kallon ya fi ciwon zafi. Don Allah, Mama..."

"Yi shiru." Barira ta goge mata fuska da gefen mayafinta. "Ni da na wuni ina roƙo kar a buɗe nawa, ni ce zan buɗe naki? Ki bar shi ya sha ɗuminsa. Ki rage tsayuwa cikin rana, ki sassauta bel ɗin nan ki ƙara. Allah ya zaunar da shi, ya raba ku lafiya."

"Amin, Mama. Amin."

"Lafiya dai a ciki?" Muryar Luka ce daga waje.

"Ana aiki, Yallaɓai!" in ji Barira da ƙarfi. Prisila ta yi dariya cikin kuka, har tsamiyar ta kusa shaƙe ta.

Sai da aka mayar da buhu, aka mayar da zane, aka ɗaure igiya kamar yadda take, sannan Barira ta ce a yaye. Suka fito sharkaf da gumi, suna ƙifta ido. Prisila ta miƙe ta ƙame.

"Na duba har ƙasa, Oga. Kalwa ce zalla."

Luka ya ƙura mata ido. "To me ya sami idonki? Kuka kika yi?"

Kafin ta buɗe baki Barira ta cafe. "Yallaɓai, daddawata ce fa. Ko ƙato ya shiga tamfol ɗin nan sai ya yi hawaye. In kana musu, bismilla, a shigar da kai."

Ta kama hannun Prisila mai yauƙi ta miƙa masa saitin hanci. Luka ya yi tsalle da baya har hularsa ta karkace, wurin ya kaure da dariya, direbobi na tafawa.

"Ku wuce! Arzika, kwashe su ku wuce, don girman Allah!"

A ɓangaren Nijar ma ba su sha wahala ba. Wani ɗan acaɓa ya riga su kai labari, don haka ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, tun daga nesa ya toshe hanci da hannu ɗaya, yana yi musu alamar wucewa da ɗayan.

A Ɗan Isa, Barira ta shiga gidan da sallama, ta gaisa da kowa dalla-dalla, ta tambayi gajiya da ruwan sama, kamar ba ita ce zuciyarta ke bugawa ba. 'Yar fari ce, ba a rawar kai a kanta a gaban surukai. Ta dubi Mutmainna sau ɗaya, ta ga lafiya lau take, ta ce, "Sannu," ta kawar da kai. Jaririn ne ya sha surutu. Ta karɓe shi ta ɗaga shi saitin fuskarta.

"Wannan ne angon nawa? Kai kuwa wace irin gaggawa ce da kai? Ko kalwa ta fi ka haƙuri."

Rabi'a ta zagaya kwandon tana shinshina. "Yaya Barira, mi ne ne wanga kika ɗauko muna tun daga Najeriya? Bari in gani."

"Dunƙule ne," in ji Barira. "Sai jibi a ɓare."

Aka ajiye kwandon a lungun madafa, kusa da murhun da ake dafa ruwan wanka. A fuska Barira ba ta damu ba. A ciki kuwa tsoro ne fal. Ta sani sarai an shiga kalwar nan, an zagaya ta, kuma duk dabarar tamfol ba a rasa ɗan sanyin da ya bi hannu ba. Duk sanda ta shiga ɗibar ruwan zafi sai ta dafa bargon ta ji ko ɗumin na nan. Wani lokacin ta ji kamar yana nan, wani lokacin ta ji kamar na murhu ne.

Da lokaci ya yi, da hantsi, matan gidan da na maƙwabta suka taru, don labarin tamfol ya gama unguwa. Barira ta yi bismilla ta kwance igiya. Ta ɗauke bargo, ta ɗauke zane, ta ɗauke buhu. Ta tsaya da hannu a kan ganyen ƙarshe, sannan ta kware shi.

Warin ya tashi ya cika gidan, cikakke, mai kauri, har jariri ya yi atishawa a ɗaki. Kalwar ta yi duhu, ta yi laushi, ta haɗe jikinta. Barira ta ɗebo da yatsu ta ɗaga, yauƙi ya biyo hannunta zare-zare bai tsinke ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Rabi'a ta matso, ta mutsuke ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, ta kai harshe. Ta daɗe tana juya shi a baki, ana jiranta.

"To," ta ce, "ashe da sauran masu miya a Najeriya."

"Kaɗan muka rage," in ji Barira, daɗi kamar ya kashe ta.

Sai da ta sunkuya za ta juye a turmi ta lura da gefen kwandon. Inda hannun Prisila ya bi ya bar kwarmi, ga shaidar yatsu nan a kwance, kuma wurin ya nuna lumus kamar ko'ina. Barira ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauko ƙaramar ƙwarya ta kwashe wannan gefen daban, ta kirɓa shi daban, ta dunƙula, ta shanya shi a kusurwar tabarma shi kaɗai. Rabi'a ta tambaya na wane ne, ta ce na wata ce.

Da rana aka kaɗa miyar kuka. Mutmainna ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta dubi uwarta.

"Inna, wannan ta ɗorawar Baba ce."

Barira ta ce hayaƙi ya dame ta, ta tashi ta fita tsakar gida.

Ta zauna a Ɗan Isa har aka yi arba'in, Rabi'a ta riƙe ta ta ƙara wasu makonni, wai sai ta koya mata hannu. Gero ya fara fitar da kai sanda ta sake hawa motar Arzika, wannan karon ba kwando, sai ɗan ƙulli a cikin mayafi. Tun daga nesa take leƙen shingen Magama. Ga Luka da tumbinsa. Ga mai tsinken ƙarfe. Ga wata mace cikin kaki tana duba kayan mata, amma ba Prisila ba ce.

Gaban Barira ya faɗi. Ta sauko tun motar ba ta gama tsayawa ba, tana salati a zuci. Luka ya gane ta nan take.

"A'a! Mama mai tamfol! Yau me aka rufe mana?"

"Yallaɓai, ina ɗiyata? Wadda ta duba ni?"

"Prisila? Ai ta daina tsayuwa a titi."

Bai ƙarasa ba labulen rumfar ofis ya motsa. Prisila ta fito tana dafe da ƙugu, cikin wata rigar kaki mai faɗi wadda ba a sa mata bel, fuskar nan ta cika ta yi sheƙi. Rigar kuwa duk faɗinta ba ta ɓoye komai ba.

Barira ta tafa hannu, sai kawai ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shingen gwamnati, har mai rake ya yar da wuƙarsa. Prisila ta rungume ta, cikin ya tokare tsakaninsu, suka yi ta dariya.

"Yana motsi, Mama. Ba ya barina barci."

"Haka ake so. Bar shi ya yi ta yi."

Luka ya girgiza kai. "Ni fa ina zaune da ita kullum, sai da riga ta ƙi shiga na sani. Mama, ke yaushe kika sani?"

"Ni? Yanzu nake gani, Yallaɓai, kamar kowa."

Ta zaro ƙullin daga mayafinta, an naɗe shi da ganye an ɗaure da zare, ta danƙa wa Prisila a tafin hannun dama, ta rufe yatsunta a kai.

"Ta miyar jego ce. Ki adana ta inda ba danshi. Daidai inda kika taɓa na kwasar miki."

Luka ya gyara hula, ya haɗe fuska irin ta aiki, amma gefen bakinsa na rawa. "To, doka dai doka ce. Abin da ya shigo ƙasa a rufe, a buɗe mu gani."

Prisila ta kai ƙullin hanci ta shaƙa sosai, ba ta ko yamutsa fuska ba. Sannan ta zura shi cikin aljihun rigarta.

"Wannan na riga na duba shi, Oga," ta ce. "Har ƙasa."

Arzika ya danna ham. Barira ta koma kujerar gaba, ta sauke gilashi da kanta.